Maganin ciyawa na shiga zuma ko ba ya shiga? Masu amya da manoma ku zo mu tattauna

Mai_Amya_Safo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga wata magana da ke yawo tsakanin manoma da masu amya a ƙauyukan Gulbin Maradi, ina son masana su warware mana ita. Manoma na cewa maganin ciyawa ba na ƙwari ba ne, don haka ba ruwanshi da ƙudan zuma, balle ya shiga zumar da ake sha. Ga shi kuwa gonakin aya da na masara da fadamu da yawa yanzu feshi ake yi maimakon noma da hauya. Yana shiga zuma? In yana shiga, ta wace hanya? Kuma nisan nawa ya kamata a bari tsakanin amya da gonar da ake feshi?

Injiniya_Tarna:
Wa alaikumus salam Malam. Yana shiga. Manoman sun haɗa abu biyu ne da ba ɗaya ba: kashe ƙudan daban, shiga zumar daban. Maganin ƙwari mai ƙarfi sau da yawa kan hanya yake kayar da ƙudan, ko ka tarar da gawarwaki a bakin amya ka san an yi ɓarna. Gilifozat, wanda shi ne sinadarin yawancin magungunan da ke kashe haki gaba ɗaya, ba ya kayar da shi nan take. To sai ya ɗauko abinshi lafiya lau ya kai cikin saƙa.

Kuma gilifozat a hankali yake aiki. Ganye ne ke shan shi, ya bi ruwan jikin tsiro ya kai ga tofo da saiwa da fure. Hakin shekara sai bayan kwana 2 zuwa 4 yake fara yaushi, mai saiwa irin kiri-kiri da aya-aya yakan kai mako ko fiye. Duk tsawon kwanakin nan furen gadagi da yauɗo da balasa a buɗe suke, ƙudaje na ta zuwa. Wani gwaji da aka buga a 2014, inda aka fesa shi kai tsaye kan tsiro mai fure, an samu sama da miligiram 30 cikin kilo na ruwan furen da ƙudajen suka kwaso, garin fure kuma sama da miligiram 600.

ƊanJiratawa:
Injiniya, ba a cewa kaki ne ke riƙe magani ba? In aka tace zuma aka fidda kakin ai shi ke nan.

Malama_Labo:
@ƊanJiratawa ya danganta da irin maganin. Wanda ke narkewa cikin mai, irin pendimetalin da ake zubawa albasa da magungunan ƙwari da dama, shi ke maƙalewa cikin kaki da garin fure. Gilifozat cikin ruwa yake narkewa, zuma kuwa wajen kashi 17 zuwa 20 cikin ɗari nata ruwa ne, don haka cikin zumar kanta yake zama. Kyallen tata ba ya tare shi, ajiya ta kwanta ba ta fidda shi, dafawa ma ba ta kashe shi. Wanda ya dafa zuma don ya kore magani ƙamshinta da amfaninta kawai ya kore, maganin yana nan, ya ma ƙara kauri tunda ruwa ya ragu.

Alhaji_Noman_Aya:
Ni dai ina ganin kuna kambama abin. Ku dubi kalandar noma tamu. Feshin share gona ana yin shi ne bayan ruwan farko, Yuni ko farkon Yuli, lokacin haki bai wuce taƙi ɗaya ba, ina fure a nan? Zumar da ake ɗiba da rani kuma ta itace ce: gawo, magarya, mangwaro, bedi, aduwa. Wa ke hawa gawo ya yi mashi feshi? Kar a sa manomi ya zama abin zargi alhali shi ma abinci yake nema, ga kuɗin ƴan ƙwadago sun yi tsada.

Injiniya_Tarna:
Alhaji, ranka shi daɗe, maganarka na da gaskiya a gonar tudu, kuma ita ce ma mafita: wanda ya fesa haki tun yana ƙarami bai yi fure ba, ya rufe babbar ƙofa. Matsalar ba ta nan take ba. Tana wurin feshi na biyu, na Agusta da Satumba, da ake bi gyaffan gona da hanyoyi da tsakanin itatuwan garka, lokacin da komi ya yi fure. Tana kuma wuraren ban ruwa. Jiratawa sama da hekta 500 ce ake nomawa rani da damana, haki na fure a bakin magudanai a watan Maris, lokacin da daji ya bushe ƙayau. Duk ƙudan da ke kewayen can zai sauka.

Baba_Mai_Zuma_Gabi:
Ku yara kun mance ruwa. Da bazara zuma ta fi neman ruwa bisa ga fure. Zahin Afrilu da Mayu shina wuce 40, su kuwa ƴaƴan cikin saƙa 34 zuwa 35 suka so, sai manyan su ɗebo ruwa su shafa bisa saƙa su yi ta fifita. Amya mai ƙarfi tana shan lita guda ko fiye a yini. Ina suka samun ruwan ga? Inda mai feshi ya haɗa magani bakin rijiya ya zubar da kumfa, inda ya wanke famfo, da ɗigon da ke bisa ganye da safe.

Malama_Labo:
Baba ya faɗi abin da ake yawan tsallakewa. Ga lissafin, kowa ya duba da kanshi. Magani mai giram 360 cikin lita, a zuba lita 3 a hekta cikin ruwa lita 200. Famfon goyo mai lita 16 zai ci mililita 240 ke nan, hekta kuma famfo 12 da rabi. Kowace lita ta wannan haɗin tana ɗauke da miligiram 5400. Iyakar da Tarayyar Turai ta sa wa gilifozat cikin zuma ita ce miligiram 0,05 a kilo. Mililita ɗaya tak na ruwan famfo, in ya shiga dukanshi, ya isa ya kai kilo 108 na zuma bakin wannan iyaka.

Amma a yi adalci: ruwan da ƙuda ya ɗebo ba ajiye shi yake yi kamar ruwan fure ba, yawanci sanyaya gida da dama abincin ƴaƴa ake yi da shi. Wani kaso ne ke kaiwa ga zumar ajiya. Ƴaƴan ne suka fi shan wahalarshi.

Hajiya_Kasuwar_Zuma:
Duk kuna can daji, ni bari in kawo ku kasuwa. Hanyar da ta fi kowace muni ba ƙudan ke kawo ta ba, mutum ne. Bidon magani na lita 1 da na lita 5 roba ce mai kyau, murfi mai kamawa, ba ta yoyo. Ana wanke ta da omo a shanya a zuba mai, a zuba nono, a zuba zuma. Bido mai lita 5 yana cin zuma kilo 7, don lita ɗaya ta zuma kilo 1,4 ce. Malama, in mililita ɗaya na tsantsar magani ya rage a gindi ko cikin zaren murfi, nawa ya kama?

Malama_Labo:
Miligiram 360 a raba 7, wajen 51 a kilo. Ninki 1000 na iyakar ke nan, Hajiya. Babu amyar da za ta kawo wannan ta hanyar fure. Robar ma tana shan magani a jikinta ta dinga sakinshi, shi ya sa ƙa'ida ita ce a ɗauraye sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin famfon feshi, sannan a huda gindin da wuƙa don kar wani ya ɗauka.

Hajiya_Kasuwar_Zuma:
To masu saye ku ji. Ku ba mai amya bokitinku tun kafin ɗiba, kar ku jira ya kawo cikin nashi. Bokitin roba sabo fari mai murfi, wanda a gindinshi akwai alamar kofi da cokali mai yatsu, ko lamba 2 ko 5 cikin alwatika. Ban da garwa da tukunyar ƙarfe mai tsatsa, zuma na da ɗan tsami, tana cin ƙarfe ta yi baƙi. Jarkar man girki ma a wanke da ruwan zafi ta bushe sarai, in da laima a ciki zumar za ta yi kumfa ta yi tsami.

Sani_Teku:
Ni abin da nake son sani, yana kashe mutum ko ba ya kashewa? In ba ya kashewa a bar mu mu sha abinmu.

Likita_Dr_M:
@Sani_Teku a bambanta iyakar ciniki da iyakar cuta. Wannan 0,05 an sa ta ne a matsayin mafi ƙanƙantar abin da ake iya aunawa da tabbaci a lokacin da aka sa ta, ba wai daga nan ciwo ke farawa ba. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce mutum na iya ɗaukar miligiram 0,5 na gilifozat a kowane kilo na nauyin jikinshi kullum. Mai kilo 60, miligiram 30 ke nan a yini. Da zuma mai 0,05 sai ya sha kilo 600 a rana kafin ya kai nan. Don haka zumar da ƙuda ya kawo wa ɗan burbushi ba abin tada hankali ba ce ga mai shan cokali biyu da safe.

Abin da ke tsorata ni shi ne maganar Hajiya, musamman in robar ta parakwat ce, wani maganin ciyawar daban. Parakwat kurɓi kaɗan na kashe babban mutum, huhu yake lalatawa, kuma ba shi da makari.

Tunda an zo kan lafiya: jaririn da bai cika shekara ba kar a ba shi zuma ko wace iri, ko tsabtatacciya ce. Wannan ba maganar feshi ba ce, wata ƙwayar cuta ce da hanjin jariri bai iya yaƙarta ba tukuna.

Ɗalibin_UDDM:
Likita, da girmamawa, ba a rufe wannan babin ba. Hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke Lyon a Faransa, a watan Maris na 2015 ta sa gilifozat cikin rukunin 2A, wato abin da mai yiwuwa ne yana jawo sankara. Turai ba ta yarda da haka ba, a Nuwamban 2023 ta sabunta mashi izini na shekara 10. Masana ne suka rabu. Kuma zuma ba ita kaɗai mutum ke ci ba, ga wake, ga ganye, ga ruwan sha.

Likita_Dr_M:
Haka ne ƙanena, sai dai hujjojin da aka yi wannan hukunci a kansu sun fi shafar masu feshi da ke jiƙewa da shi shekara da shekaru. Wanda ke goya famfo mai yoyo ba takalmi ba safar hannu, shi ne ke gaban layi, ba mai lasar zuma ba.

Abdu_Kasuwa:
Ai akwai gwaji mai sauƙi. A tsoma ashana cikin zuma a ƙyasta, in ta kama to mai kyau ce. Ko a ɗiga cikin ruwa, in ta nutse ba ta watse ba babu komi a ciki.

Malama_Labo:
Malam Abdu, wannan gwajin yawan ruwa kawai yake ɗan nunawa, ko sukarin da aka dafa ya yi kauri ma yana tsallake shi. Maganin ciyawa kuwa 0,05 a kilo daidai yake da giram ɗaya cikin tan 20. Ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. Ashana ba ta ganinshi, tururuwa ba ta ganinshi.

Abdu_Kasuwa:
To ta yaya za a gane ta sukari?

Shugaban_Zaure:
Jama'a, maganar algus a buɗe mata nata zaren. Mai_Amya ya yi tambaya ta uku kan nisa, har yanzu ba wanda ya taɓa ta.

Mai_Kenya_Madarumfa:
Bari in gwada. Yawancin kiwon ƙudanmu cikin kilomita 1 zuwa 2 yake in akwai abinci kusa, in babu yana kai 3 har ya wuce. Ƙa'idar zumar da ake kira ta noma ba sinadari a Turai kilomita 3 ce ko ta wace fuska daga amya. Ku auna faɗin: da'ira mai kilomita 2 ta kai hekta 1250, mai kilomita 3 ta haura hekta 2800. A kwarin Gulbin Maradi, daga Madarumfa zuwa Tibiri, ina za ka samu hekta 2800 da ba gonar kowa? Sai dai wajen dajin Babban Rafi, shi ma daga ciki.

Saboda haka nisa iri biyu ne. Nisan kare amya daga ɓurɓushin feshin da iska ke ɗauka, wannan mita 50 zuwa 100 da shinge mai rai tsakani yana taimakawa ƙwarai, kuma a sa ƙofar amya ta ba gona baya. Nisan hana ƙuda zuwa gonar kuwa ba ya hannun mai amya ɗaya. Abin da ke hannunshi shi ne ya sa abinci da ruwa kusa don ƙudan ya rage yawo.

Ruwan kuma ga yadda ake yi: tasa ko rabin tulu a inuwa, mita 10 zuwa 30 daga amya, a cika da tsakuwa ko guntayen kara don su samu wurin sauka kar su nutse, a ɗan barbaɗa gishiri kaɗan. A fara tun Fabrairu, kafin su saba da wata mashaya. In ta ƙafe kwana ɗaya suka koma bakin rijiyar garka, dawo da su aiki ne.

Baba_Mai_Zuma_Gabi:
Yaro ya yi daidai. In ƙara: ruwan ga kar shi zama mai sanyi fes daga famfo kullum, sun fi son wanda ya kwana ya yi ɗan gansakuka. Ƙari aka yi, ba a zubar da na jiya.

ƊanJiratawa:
Mu abin da malaman gona ke cewa shi ne a yi feshi da marece bayan la'asar sakaliya, lokacin ƙudaje sun koma. Wannan bai wadatar ba?

Injiniya_Tarna:
Ga maganin ƙwari, shawara ce mai kyau, don kafin safiya ya bushe ƙarfinshi ya ragu. Ga gilifozat rabin magani ce. Ta hana a jiƙa ƙudan kai tsaye, amma gobe da jibi furen na nan da magani a ciki, kamar yadda na faɗa a sama. Ƙari kuma shi kanshi maganin ya fi kamawa da hantsi in raɓa ta bushe, feshin dab da magariba yakan yi rauni, sai manomi ya ce bai ci ba ya sake. Abin da ke aiki shi ne: in hakin ya riga ya yi fure, a sassabe shi ko a sa dabbobi su cinye, a jira kwana 10 zuwa 14 ya sake tofo, sannan a fesa. Sabon tofo ma ya fi shan magani.

Sai kayan aiki. Bakin famfo iri biyu ne a kasuwa. Mai fitar da hazo kamar mazurari na ƙwari ne, ɗigonshi ƙanana ne, iska na tafiya da su. Na ciyawa shi ne mai buga ruwa a ɗan faranti ya baje kamar mafici, ɗigo manya. Da yawa da baki ɗaya suke komi. A riƙe sandar santimita 40 zuwa 50 sama da haki, kar a yi ta bugun hannun famfo har ya yi tauri, matsi kaɗan ya isa. In iska na kaɗa rassan itace a ajiye. In hadari ya haɗu a ajiye, yana son awa 4 zuwa 6 ba ruwa.

Babban abin da ke jawo ninka magani shi ne ruwan haɗi. Gilifozat na manne wa laka. Aka haɗa shi da jan ruwan tabki ko na gulbi, lakar ta kama wani kaso tun cikin famfo, haki bai mutu ba, sai a ce maganin jabu ne a zuba gwangwani biyu maimakon ɗaya. A nemi ruwa garai, in babu a bar shi ya kwana ya kwanta a tsiyaye na sama.

Alhaji_Noman_Aya:
Wannan ta ruwan laka gaskiya ce, na karɓa. Amma sassabe sannan feshi aiki biyu ke nan, wa zai biya? Mai amya?

Mai_Kenya_Madarumfa:
Alhaji, ai ƙudan na biya tun tuni. Riɗi, kankana, guna, kabewa, mangwaro, duk suna ƙara ƴaƴa in ƙuda na zuwa. Aya ce dai ba ta bukatarshi, shi ya sa kake jin zafin 😄

Alhaji_Noman_Aya:
Ka ci gari yaro.

Ɗalibin_UDDM:
A koma kan ƙudan kanshi, don an bar shi kamar bai cutuwa. Gilifozat yana toshe wata hanya ce da tsirrai ke ƙera abincin jikinsu, dabba ba ta da wannan hanyar, shi ya sa aka daɗe ana cewa ba ya taɓa ƙwaro. Amma wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjin ƙudan zuma suna da ita. Binciken Jami'ar Teksas da ke Austin na 2018 ya nuna yana rage su, kuma ƙudajen da abin ya shafa sun fi saurin mutuwa in wata cuta ta kama su. Ba za ka ga gawa tuli ba, amya ce za ta yi ta raguwa.

Baba_Mai_Zuma_Gabi:
Kuma yunwa. Wanga shi ne ba a aunawa a labo. Daga Agusta zuwa Oktoba hakin gyaffan gona da na burtali shi ka riƙe zuma kafin gawo shi buɗe. In anka ƙone shi duka, musamman da maganin 2,4-D mai cin haki masu faɗin ganye, zumarmu ba ta zama ta mutu da yunwa, tashi take ta bar maka amya wayam. Sai a ce aljanu ko maƙiya.

Garba_Makiyayi:
To garmani fa? Ya cinye burtali da makiyaya tun daga nan har Mayahi da Dakoro, dabba ba ta cinshi. Wasu na cewa a yi mashi feshi a huta.

Injiniya_Tarna:
Garmani na fure tsawon lokaci kuma ƙudaje na sauka kanshi. Feshin fili mai faɗi yana cikin fure shi ne daidai abin da muke cewa a guje wa. Kuma irinshi na cikin ƙasa, baɗi zai dawo. Tuge shi ko nome shi kafin ya yi ƴaƴa, sannan a watsa irin ciyawar kiwo ta rufe wurin, shi ya fi ɗorewa.

Mai_Shagon_Iri:
Ku bari mu masu sayarwa mu ce wani abu. Maganin da doka ta yarda da shi a Nijar shi ne wanda kwamitin magungunan gona na ƙasashen Sahel, CSP, da ke ƙarƙashin CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel ta yaƙi da fari, ya yi wa rajista, lambar tana jikin takardar. Kwamitin ya haramta magungunan ciyawa biyu, parakwat da atirazin. Amma kowa ya san abin da ke shigowa ta Jibiya da Dan Isa ranar kasuwa. Mai saye ya karanta sunan sinadarin, ba sunan da aka rubuta da manyan haruffa ba, don sinadari ɗaya na iya zuwa da suna goma. Launin da ke gindin takarda, ja, rawaya, shuɗi, kore, haɗarinshi ga mutum yake nunawa. Kore ba ya nufin ƙudan zuma ya tsira.

Mai_Amya_Safo:
Na gode ƙwarai. To in maƙwabci ya ce gobe zai yi feshi, a rufe amya?

Mai_Kenya_Madarumfa:
A yi hattara. Rufe amya da zafinmu na iya kashe ta cikin ƴan awoyi, saƙa ta narke ta zubo kansu. In dole ne: a rufe da asuba kafin su fita, da ragar sauro ta ƙarfe ba da tsumma ba don iska ta shiga, a lulluɓa jiƙaƙƙen buhun algarara a sama ana yayyafa mashi ruwa, a buɗe da magariba. Kar ya wuce yini ɗaya. Wannan na maganin ƙwari ne da ranar feshin kanta. Ga gilifozat ba za ka rufe su mako guda ba. Ɗauke amya kuma sai da dare, kuma wurin ya wuce kilomita 3, in ba haka ba masu kiwo za su koma tsohon wurin su ɓace. Amyar gargajiya da ke bisa reshe ba ta ɗaukuwa cikin sauƙi, amyar akwati da ake kira ta Kenya ma sabuwar saƙa mai nauyi na karyewa a kan hanya.

Abin da ya fi sauƙi shi ne tsara ɗiba. A kwashe zumar da ta nuna kafin lokacin feshi, a bar masu ta damana su ci. Saƙar da aka rufe bakinta da kaki aƙalla kashi biyu cikin uku ita ake ɗauka. Kuma a raba tun a daji: farar saƙa mai zuma zalla bokiti ɗaya, baƙar saƙa mai garin fure da ƴaƴa wani bokitin. Lambobin da Injiniya ya kawo sun nuna garin fure ya ninka ruwan fure magani nesa ba kusa ba, to mai matse komi wuri ɗaya shi ke zuba shi cikin zumar da hannunshi. A farfasa farar saƙar a bar ta ta tsiyaye ta kyallen nailan, a rufe kwana 2 zuwa 3, a kwashe kumfar sama. Hayaƙi kuma kar a yi shi da busasshen hakin da feshi ya kashe.

Hajiya_Kasuwar_Zuma:
Kuma kar a gauraya ta wurare daban-daban cikin tano ɗaya. Ta Gabi daban, ta bakin Jiratawa daban, a rubuta wuri da wata a jikin kowane bokiti.

Sani_Teku:
Hajiya ai gaurayawar ce dabara. Mai magani kaɗan cikin mai kyau da yawa, sai lambar ta sauka.

Malama_Labo:
Lambar na sauka, amma ka duba ta ɗaya fuskar: kilo 1 mai miligiram 5 ya isa ya kai kilo 99 mai tsabta bakin iyaka. Kuma dokar Turai ta hana a surka abin da ya wuce iyaka don ya tsallake. Kafin ma a kai nan, ƙasa ba ta kai zuma can sai tana cikin jerin waɗanda aka amince da tsarinsu na bin diddigin saura, irin su Habasha da Zambiya da Tanzaniya. Abin ba wasa ba ne ko ga manya: a Janairun 2021 Japan ta gargaɗi Niyu Zilan kan gilifozat cikin zuma, har aka wajabta gwada duk wadda za a aika can. A Kanada kuma an gwada samfur 200 aka same shi cikin 197, sai dai ko samfurin da ya fi kowane magani bai kai 0,05 ba.

Mai son kai samfur labo: a motsa bokitin sosai, a ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasa, giram 250 cikin sabuwar kwalbar gilashi, a cika kwalba biyu a ajiye ɗaya. A rubuta wuri, ranar ɗiba, irin amya, da abin da ake nomawa kewaye. Muhimmi: a faɗi sunan gilifozat da AMPA, wanda shi ne abin da yake rikiɗewa ya zama, a takardar buƙata. Gwajin gama-gari mai duba magunguna ɗaruruwa a tashi ɗaya ba ya kama shi, nashi gwajin daban ne da kuɗinshi daban. Mutum na iya karɓo takarda an rubuta ba a samu komi ba alhali ba a ma neme shi ba. A tambayi mafi ƙanƙantar abin da na'urarsu ke aunawa, in ya fi 0,05 takardar ba ta da amfani ga mai saye na waje.

ƊanJiratawa:
Kuɗin gwaji ɗaya zai iya cinye ribar amya nawa? Mai amya biyar ba zai iya ba.

Hajiya_Kasuwar_Zuma:
Sai ƙungiya. A haɗa samfur ɗaya daga bokitan unguwa guda, a raba kuɗin.

Malama_Labo:
Ana yi, amma kar a haɗa fiye da bokiti 5 cikin samfur ɗaya, kuma a auna sakamakon da iyakar da aka raba 5, wato 0,01. In ya haura, sai a koma kan kwalaben da aka ajiye ɗaya bayan ɗaya a gano na wane ne.

Alhaji_Noman_Aya:
In aka gano na wane ne, laifin wa? Mai amyar, ko manomi ɗari biyu da ke cikin hekta 2800 ɗin da yaron can ya lissafa?

Mai_Amya_Safo:
Alhaji wannan sai an zauna da mai gari. @Mai_Shagon_Iri, bakin famfon nan mai faranti da Injiniya ya ce, ana samunshi daban a kasuwar Maradi ko sai an sayi famfon gaba ɗaya?

Mai_Shagon_Iri:
Ana samu daban. Ka zo da sandar famfon a gwada zaren, ba duka ke shiga juna ba.